Sulhun Tulu da Barkono

A Gangara ta ƙasar Gazawa babu wanda ya taɓa ganin Dogo yana kokowa, amma babu wanda bai ji labarin kokowarsa ba. Shi ne mai ba da labarin, shi ne kuma shaida. A faɗarsa, lokacin ƙuruciya ya zagaye filaye daga Agye har Gidan Runji, ya kada na kadawa, ya firgita na firgitawa, kuma bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba. Takobin kokowa na ƙasa ma saura ƙiris ya ɗauko shi, sai ciwon haƙori ya kama shi ranar tafiya. Wani lokaci ciwon haƙorin yakan koma rasuwar gwaggonsa, gwargwadon wanda ke saurare.

Yanzu ya manyanta. Tsawon yana nan, ƙarfin da ake faɗa kuwa ya taru wuri ɗaya ya zama tumbi. Abu guda ya rage masa da yake nema a duniya, shi ne usur. Kowace kaka idan gero ya shiga rumbu garin kan yi kokowa, kuma tsohon alƙalin fili ya ajiye aiki saboda idanunsa sun yi rauni. Usur ɗin yana aljihun Baƙo, sarkin ƴan kokowa, dattijo mai ƙarancin magana, yana neman wanda zai rataya wa. Dogo kuwa ya daɗe da ganin kansa a tsakiyar fili, igiya a wuya, ƙarti suna jiran numfashinsa.

A gidansa akwai wata kokowar da ba ta jiran kaka. Matarsa Husaina tana kiwon ɓerayen masar, waɗanda ƙungiyar mata ta raba musu ta hanyar wani proje na tallafi. Matan ɓerayen suna da yawa, masu haƙuri, aikinsu ci da haihuwa. Mazan biyu ne. Babban, mai faɗin ƙugu, tana kiransa Tulu. Ƙaramin, ja mai rawar kai, shi ne Barkono. Tun da Barkono ya balaga ya fara ganin kansa daidai da Tulu, gidan bai sake hutawa ba, har Husaina ta gaji ta raba su, kowa da akurkinsa, matan kuma can bayan ɗaki.

Ana cikin haka ƙanwarta ta haihu a Sae Sabuwa. Da safen da za ta tafi, ta tsaya da ƙullin kayanta a ka.

"Malam, ga harawa nan, ga dusa a tukunya. Kowa a ba shi a wurinsa. Kada a haɗa mazan."

"Na ji."

"In ka taɓa matan, ka wanke hannu kafin ka taɓa mazan. Ko tsumman da matan suka kwanta a kai kada ya kusance su. Warin ne ke haukata su."

Dogo yana gaban madubi, ya sa yatsu biyu a baki yana gwada fito.

"Husaina, mutumin da ya raba zaratan Agye kike koya wa kiwon ɓera? Allah ya kiyaye hanya."

Ta dube shi, ta dubi akurkin, kamar mai auna wanda ya fi hankali a cikinsu. Ta fita ba ta faɗi abin da ta samu ba.

Da la'asar ya isa fada, gindin itacen bedin da suke shan shayi. Baƙo yana nan, haka ma Jaye makaɗi. Jaye taubashin Dogo ne, ɗan kawunsa, saboda haka yana da ikon kiransa bawa, ya kuma faɗa masa abin da ya ga dama.

"Baƙo, ban san mi kake jira ba," in ji Dogo tun bai gama zama ba. "Alƙalanci ba busa ba ne, kwarjini ne. Ni in na tsaya tsakanin maza biyu, ko raguna ne, sai sun sunkuyar da kai."

"Bawana, a bar raguna su huta," in ji Jaye. "Mazan Husaina fa? Daga bakin rijiya ake jin haƙoransu. Ko su ba maza ba ne?"

"Waɗancan? Don dai mace ke riƙe da su. Da ni ne, wuni guda su ci a tasa ɗaya."

Baƙo ya ajiye kofinsa a hankali.

"To. Ranar kasuwa ka kawo su gaban jama'a, su ci a tasa ɗaya. In sun ci lahiya, usur naka ne."

"Ka faɗa gaban shaidu?"

"Na faɗa."

Dogo ya yi dariya irin ta wanda aka ba kyauta. A hanyar gida har ya fara tunanin kalar igiyar da za ta dace da wuyansa.

Washegari ya fara da abin da ya fi iyawa, wato magana. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya tanƙwashe ƙafa, ya ajiye Tulu a dama, Barkono a hagu.

"Ku ƴan gida ɗaya ne," ya ce. "Kai Tulu, kai ne babba, girma ya kama ka. Kai kuma yaro, duniya ba a yi mata gaggawa."

Tulu ya miƙe yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, yana taku a hankali, ƙugu na kaɗawa dama da hagu. Dogo ya gyaɗa kai, don ya gane kirari ne, kuma namiji mai kirari ya cancanci a saurare shi. Barkono ya wage baki ya nuna haƙoransa dogaye.

"Ina magana kana hamma? Wannan rashin tarbiyya daga wajen uwar ɗakinka ka samo shi."

Bai rufe baki ba suka dunƙule suka zama ƙwallo ɗaya mai gashi, yana birgima yana tsuwa. Dogo ya tsaya tsakaninsu da kwarjini. Ba su ɗaga kai ba. Sai ya sa hannu. Har yau bai san wanne ne a cikinsu ba, amma wanda ya yi aikin ya yi shi da zuciya ɗaya.

Ya iso fada da babban yatsa a naɗe cikin tsumma.

"Lauje ne," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

Jaye ya kama hannun ya warware.

"Ikon Allah. Laujen bawana mai haƙori biyu ne, sama da ƙasa. Wane maƙeri ya ƙera maka?"

"Sun fara jin magana. Jiya ba sa ko duban juna, yau har sun rungume."

Daga nan ya canza dabara. Ya zauna ya yi nazari irin na tsohon ɗan kokowa, ya gano cewa maza ba sa zama lafiya sai sun san na sama da na ƙasa. Wannan shi ne karo ɗaya da ya matso kusa da gaskiya, kuma bai ɓata lokaci a wurin ba. Maimakon ya bar su su daidaita tsakaninsu, sai ya shirya musu gasa. Ya zuba rairayi a tsakar gida, ya zana da'ira da sanda, ya aika aka kira Jaye da gangarsa. Jaye bai taɓa amsa kira da sauri irin na ranar ba. Maƙwabta suka jeru a kan darni, mata da goyo, tsofaffi da goro a baki.

Aka saki ƴan wasa. Suka zagaya juna, haƙora na ƙaraf-ƙaraf. Tulu ya yi wuf ya haye bayan Barkono ya danne shi. Barkono ya yi laƙwas, ya fara wani ɗan kuka siriri na wanda ya sallama. Da an ƙyale su kaɗan, da magana ta ƙare nan, kowa ya san matsayinsa. Amma Dogo alƙali ne, kuma alƙali ba ya barin ƙato a kan ƙato. Ya yi fito, ya sa faifai ya raba su, ya kai kowa gefensa, ya yayyafa musu ruwa, ya yi wa Barkono fifita.

"Zagaye na biyu."

Barkono, da ya ga an ɗauke masa nauyi an kuma yi masa fifita, sai ya manta cewa ya sallama. Ya dawo da sabon fushi. Tulu ya sake danne shi, Dogo ya sake rabawa. Haka aka yi ta yi har inuwa ta juya, kowane zagaye ya fi na baya zafi.

"Alƙali, wa ya ci?" wani tsoho ya tambaya daga kan darni.

Nan Dogo ya gamu da matsalar da bai hango ba. A kokowa, wanda gwiwarsa ko hannayensa suka taɓa ƙasa shi ya faɗi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin Tulu, ya leƙa ƙarƙashin Barkono.

"Kada ka wahalar da wuyanka," in ji Jaye, yana ci gaba da kiɗa. "Su duka biyun sun faɗi tun ranar da aka haife su, ba su tashi ba har yau."

"Kunnen doki ne," in ji Dogo da ƙarfi. "Ba wanda ya kada wani."

"Sai kai da suka kada wa wuni," wata mata ta ce, ta gyara goyonta ta sauka daga darni.

Ranar kasuwa tana matsowa, Dogo ya fara rasa barcin rana. Sai wata hikima ta zo masa. Ya tuna cewa ko ƴan'uwan da ba sa ga maciji da juna, idan baƙi suka shigo gida sukan yi shiru don kunya. Abin da mazan nan suka rasa ke nan: baƙi.

Maƙwabciyarsu Inna Zainabu, tsohuwa mai kaifin harshe, ita ma tana cikin ƙungiyar, tana da maza uku. Ya yi sallama a ƙofarta.

"Inna, aron mazanki na zo, na wuni ɗaya."

"Mi za su yi maka?"

"Shaidun sulhu."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, tafiya mai nisa.

"Husaina ta sani?"

"Inna, ni ne mai gidan."

"Haka aka ce." Ta miƙo su a cikin kwali. "Yadda na ba ka su, haka za ka maido mini, da kunnuwansu."

Ya zuba su biyar a da'irar rairayi, ya gyara murya zai gabatar da baƙi. Ba a kai ga gaisuwa ba. Tulu ya bar Barkono ya auka wa baƙon farko. Barkono ya ɗauki na biyu. Na ukun ya rasa abokin faɗa, ya kama wanda ya fi kusa. Cikin ƙiftawar ido tsakar gidan ta cika da gashi da tsuwa. Ɗaya ya shige ƙarƙashin rumbu, ɗaya ya faɗa cikin turmi, kaji suka haye darni suna kururuwa. Dogo yana bin wannan da faifai, wancan da tsintsiya, yana kiran sunayen da bai san masu su ba.

Inna Zainabu ba ta yi sallama ba. Ta tsamo nata ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga na ƙarshen ta nuna masa kunnen da ya tsage.

"Wanga shi ne ladan shaida?"

"Inna, a fili irin wannan ado ne. Duk ɗan kokowar kirki..."

"Nuna mini naka adon. Tun kana tsumma nake garin nan, ban taɓa ganin ko ƙura a gwiwarka ba. Gwaggonka da kake cewa ta rasu ranar takobi, da ita muka yi surfe bara."

"Wata gwaggon ce."

"Allah ya jiƙan su duka. Husaina ta dawo, da ita zan yi magana, ita ce mai hankalin gidan."

Ta fita. Tulu da Barkono ba su ma san baƙin sun tafi ba. Suka ci gaba da bin juna, suka haye tulin itace, suka zamo daga kansa suka faɗa cikin bahon da Dogo ya jiƙa babbar rigarsa ta ranar kasuwa, ruwa cike da kumfar sabulu. Ya sa ludayi ya tsamo su, sun jiƙe sharkaf, sun koma rabin girmansu. Zuciya ta ciyo shi. Ya ɗaga su daidai fuskarsa ya daka musu tsawa.

"Kai! Ku shiga taitayinku!"

Ya jefa su cikin ɗakin ajiya, wanda babu komai a ciki sai fasassun tukwane, ya watsa musu harawa ta ko'ina, ya ja ƙyaure. Daga nan ya wuce wajen likita, don yatsan ya kumbura ya fara bugawa kamar ganga.

Bai leƙa su ba sai washegari, kuma ya leƙa ne da shirin binne ɗaya. Abin da ya gani ya sa ya riƙe baki. Suna kwance gefe da gefe cikin wata fasasshiyar tukunya, suna taunar kara ɗaya, wannan daga nan, wancan daga can. Sabulu ya wanke musu warin juna, sanyi ya haɗa su, ɗakin yana da faɗi da wurin ɓuya, kuma ba a sami wanda ya raba su da faifai ba. Duk wannan bai shiga lissafin Dogo ba. Shi abin da ya tuna shi ne tsawar.

"Ashe," ya ce a hankali. "Ashe kwarjinin yana nan."

Kafin azahar duk Gangara ta ji. Ya bi shago-shago, ya tsaya wurin mai nama, ya tsaya wurin masu gyaran moto. Tsawa ɗaya tak. Ya nuna yadda ya tsaya, yadda ya buɗe ƙirji. Ya maimaita tsawar a bakin rijiya har wata jaka ta tsinke igiya.

"Bawana, ka tabbata ba mutuwa suka yi ba?" in ji Jaye.

"Ka ɗaure gangarka da kyau. Ka kuma nemo kirarin da ya dace da alƙali."

Baƙo ya dube shi. Ya taɓa aljihunsa kawai.

Ranar kasuwa Dogo ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya sa wandonsa buje, irin mai yalwar hantsa da ake ɗinkawa da yadi mai yawa. Sai ya tsaya tunanin abin da zai ɗauke su a ciki. Kwali bai dace da ranar girma ba. Ya ɗauko kwandon Husaina mai murfi. Kwando kuma ba ya tafiya babu shimfiɗa. Ya duba ko'ina bai ga ƙyallen da ya yi masa ba, sai da ya zagaya bayan ɗaki, ya hango wani tsohon zane mai furanni shimfiɗe a akurkin matan, sun kwanta a kai sun yi ɗumi. Ya ture su, ya janye zanen, ya kakkaɓe shi sau ɗaya, ya ninke a cikin kwando. Wani abu ya ɗan motsa a bayan kansa, kamar wata magana da aka taɓa faɗa masa game da tsumma. Ya tsaya ya saurara, bai ji komai ba, ya ɗora mazan a kai ya rufe.

Tun kafin ya wuce masallaci kwandon ya fara gurnani. Da ya kai rumfar masu gishiri, kwandon yana motsi da kansa.

"Dogo, mi ke cikin kwandon naka, inji?" wani ya tambaya.

"Kirari suke yi. Sun san ranarsu ce."

Baƙo ya zaɓi fili tsakanin masu kankana da tashar mota. Jama'a ta yi da'ira, waɗanda suka zo daga ƙauyuka a amalanke, Fulani masu nono, ƴan kabu-kabu da suka kashe motocinsu, har da wani jandarma da ya zo sayen albasa. Inna Zainabu ta samo turmi ta zauna a sahun gaba. Aka ajiye tasa ɗaya a tsakiya, dusa da ɓawon kankana. Jaye ya saki kiɗa.

Dogo ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, waɗannan da za ku gani, mace ta kasa, tsohuwa ta kasa. Ni ban yi duka ba, ban yi asiri ba. Namiji shi ke sanin maganin namiji."

"A buɗe kwando," in ji Baƙo.

Ya buɗe. Tulu ya fito da gashin wuyansa a tsaye, ƙugu na kaɗawa. Barkono ya fito ta ɗaya gefen yana wasa haƙora. Babu wanda ya dubi tasa. Suka fara zagaya ta, a hankali, ido cikin ido.

"Addu'ar cin abinci suke yi," in ji Dogo.

"Doguwa ce," in ji Inna Zainabu.

Barkono ya yi tsalle. Dusa ta tashi sama. Dogo ya ja da baya, ya buɗe ƙirji, ya tattaro duk kwarjinin da ya mallaka.

"Kai! Ku shiga taitayinku!"

Wani jariri ya fashe da kuka. Wata akuya ta bar wurin. Mazan ba su ko juyo ba. Ya sake, da murya mafi ƙarfi, har ta shaƙe a ƙarshe ta fito siririya.

"Wataƙila ba su gane ka da riga ba," in ji Jaye.

"Hayaniyar kasuwa ce. Baƙo, ba ni usur. Alƙali ba ya aiki da baki."

Baƙo ya zaro shi daga aljihu ya miƙa masa.

"Aro ne."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. Shekara da shekaru yana jiran wannan ƙarfen. Ya sa a baki, ya sunkuya daidai kan mazan, ya busa da dukan cikinsa.

Usur ɗin ya yi aiki. Suka rabu nan take. Sai dai ɓeran masar idan ya firgita rami yake nema, mai duhu, mafi kusa. A duk kasuwar Gangara babu ramin da ya fi kusa kamar ƙafafun wandon Dogo. Tulu ya shige ta dama, Barkono ta hagu. Kowanne ya yi sama yana neman tsira, kuma wando buje, kamar yadda kowane tela ya sani, ƙafafunsa biyu wuri ɗaya suke haɗuwa. A can suka gamu. Wurin yana da duhu, babu hayaniya, babu mai raba su. Suka ɗora daga inda suka tsaya.

Dogo ya miƙe tsaye ƙyam. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu. Ya yi wani taku da ba a taɓa gani ba a ƙasar Gazawa. Jaye, wanda ya san aikinsa, ya juya kiɗa ya koma na kokowa, mai sauri, irin wanda ake yi idan zarata sun kama juna.

"Ga Dogo na Husaina," ya rera, "yau ga fili ga mai fili. Kama shi, bawana, kada ka sake shi."

Dogo ya kama. Ya cafki cinyarsa ta dama da hannu biyu, ya murɗa. Abokin karawar ya koma hagu. Ya saki ya cafki hagu, ya sa ƙafa ya harɗe ɗaya ƙafar, dabarar da ya sha kwatantawa a fada cewa da ita ya gama da zaratan Agye. Dabarar tana da kyau. Diddigensa ya sauka a kan ɓawon kankana, ƙafafun suka yi gaba, sauran jikin ya yi baya. Ya sauka da faɗin bayansa, ƙasa ta amsa. Iskar da ta fita daga cikinsa ta bi ta usur ɗin da ke bakinsa har yanzu, ya yi wata doguwar ƙara mai tsabta, irin wadda ake yi idan wasa ya ƙare.

Mazugin wandon ya tsinke. Barkono ya fito ta ƙafa ya ruga ƙarƙashin zanen Inna Zainabu. Tulu ya fito ta sama, ya taka a hankali ya hau kan tumbin, ya zauna yana gyara gashin bakinsa.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Jandarman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, albasarsa na zubewa. Baƙo kaɗai bai yi dariya ba. Ya shigo fili, ya zare usur daga bakin Dogo, ya goge shi da hannun riga ya mayar aljihu. Sannan ya sunkuya ya kama ƙafar Tulu ta gaba da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama yadda ake yi wa wanda ya yi kaye.

"Kaye ne mai tsabta," ya ce. "Kai kuma, Dogo, ban zalunce ka ba. Busarka ta ƙarshe daidai take. Baya na taɓa ƙasa ka busa."

A daidai lokacin motar Sae Sabuwa ta gama sauke fasinja. Husaina ta ratso jama'a da ƙullinta a ka, aka buɗe mata hanya ba tare da ta roƙa ba. Ta dubi mijinta a kwance, hannu ɗaya riƙe da wando. Ta ɗauki Tulu daga kan cikinsa, ta karɓi Barkono daga hannun Inna Zainabu, ta duba kunnuwansu. Sai idonta ya sauka a kan kwandon.

"Malam, wannan ba zanen matan ba ne?"

"Shi ya fi kyau," in ji Dogo daga ƙasa.

"Ya yi kyau kam." Ta ninke shi ta cusa cikin ƙullinta. "In ka tashi, ka taho mini da tasar."

An yi kokowar kaka a lokacinta. Tahiru mai gyaran moto aka rataya wa usur, mutumin da bai taɓa cewa ya kada kowa ba. Tulu da Barkono suna zaune a ɗakin ajiya, Tulu ne babba, Barkono ya sani, kuma tun da aka hana Dogo shiga ɗakin ba a sake jin kansu ba.

Dogo ya yi ɗan kwanaki bai fito ba, wai gwaggonsa ba ta da lafiya. Da ya dawo fada, labarinsa ya sami gyara kaɗan. Bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba a hannun ɗan Adam.

"Kuma ku yi adalci," ya ce, yana miƙa hannu a ba shi shayi. "Su biyu suka taru mini, ta cikin wando kuma suka biyo. A dokar kokowa wannan ba kaye ba ne."

Baƙo ya hura kofinsa, ya kurɓa.

"Da ka zama alƙali," ya ce, "da ka soke shi."